Naman Tsaka-tsaki

Wallahi bakina ne ya ja mini. Daga wurin aiki aka tura ni taron bita na kwana 2 a Abuja, ɗan alawus ya faɗo asusu, sai kaina ya kumbura. Tun ina cikin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu na kira ƙanin matata da ke aiki a can, na ce, "Yaro, yau da daddare ni zan ciyar da kai, kuma a inda manya ke ci." Ya ce, "Yaya, ka tabbata?" Na ce ya taɓa jin Bazazzagi ya yi magana biyu?

Bayan isha'i ya ɗauke ni a motarsa, ya ce wurare biyu ne a ransa, in zaɓa. Na farko a Wuse 2, na 'yan Labanan, motoci har bakin titi, ana shiga ana fita. Na biyu a Maitama, shiru kamar gidan makoki, motoci uku kacal a harabar, mai gadi na hamma. Nan na buga lissafi irin namu na Tudun Wada: mai abincin da layi ya yi wa yawa shi ke hura hanci, wanda kasuwa ta guje wa kuwa ko tayin wulaƙanci ka yi sai ya sallama. Na ce mu je na shirun. Yaron ya yi wani murmushi da sai daga baya na gane fassararsa. Ashe ba kasuwa ce ta guje su ba, farashi ne ya kori jama'a.

Muna shiga wani saurayi cikin baƙar kwat, wanda ya fi ni kyan shiga nesa ba kusa ba, ya ja kujerar da zan zauna. Na ɗauka ɗauke ta zai yi, na riƙe gam, muka ɗan ja. Sannan ya kawo jerin abincin a cikin bango mai kauri, sai ka ce kundin digiri na ɗaliban Samaru. Ba hoto ko ɗaya, sunayen kuma rabi Faransanci rabi Italiyanci. Na bar ɓangaren hagu na koma dama inda lambobi suke: 6, 14, 32. Na ƙara musu sifili biyu a raina, na ce ashe ƙarya ake yi wa Abuja. Sifili uku ne, jama'a. Ba wanda ya gaya mini, shi kuwa ɗan banzan yaron yana ta latsa waya.

Aka tambaye ni ruwa, mai kumfa ko maras kumfa. Na ce mai kumfa mana, ai mun zo kenan. Kurɓa ɗaya na yi na ji kamar an jiƙa kanwa.

Na nuna naman sa mai lamba 32, na ce a kawo mana biyu. Saurayin ya rusuna ya ce yaya nake so a gasa, sama-sama, tsaka-tsaki, ko ya gasu sosai? A rayuwata ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Mai tsiren Kwangila nawa za a yanka kawai yake tambaya. Don kada a gane baƙo ne, na gyara hula na ce ni mutum ne mai son tsaka-tsaki a komai.

Faranti ya iso da faɗin faifai, a tsakiyarsa wani ɗan nama da bai kai tafin hannu ba, dankali ƙwaya uku, da wani ganye da na rantse yana fitowa a bayan gidanmu da damina. Na sa wuƙa, sai ga ciki jawur, jan ruwa na bin faranti. Na yi salati. Na nemi yaji ko zai rufa asiri, saurayin ya zo da wani katako kamar ƙaramar taɓarya, ya murza masoro sau uku a kai ya yi gaba abinsa. Na ci gefe-gefe kamar ɓera, na bar tsakiyar wa masu ita.

Takardar kuɗi ta zo a jakar fata. Nama 64,000, ruwan kanwa kwalba biyu 12,000, harajin VAT kashi 7.5, ga kuɗin hidima kashi 10, wato har kokawar kujera sai na biya. Jimla naira 89,300. Na miƙa kati da ƙarfin hali, na'ura ta ƙi. Na ce matsalar sabis ce. Saurayin ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, sabis lafiya lau yake." Ƙanin nawa ya zaro nasa katin yana cewa, "Bari in cika, Yaya, kada a ce Bazazzagi ya yi magana biyu."

A hanya muka tsaya wurin mai shayi na ci Indomie da ƙwai, na roƙe shi don Allah maganar ta mutu a Maitama. Ya ce ai ko a lahira.

Washegari da yamma na sauka Zariya, uwargida ta tarbe ni da fara'ar da ta yi yawa. Ta ja mini tabarma, ta ajiye kwanon tuwo a rufe, ta rusuna ta ce, "Malam, miyar kukar yaya za a kaɗa maka, sosai ko tsaka-tsaki?" A kan murfin kwanon ga 'yar takarda, har da kashi 7.5.