Yadda Na Sayi Anini Ɗaya a Kan Fam 23

Duk wanda ya ce maka ba shi da ko anini, ka ce masa ya gode wa Allah. Ni da na nemi in mallaki guda ɗaya, yau wata huɗu ke nan ana yi mini dariya daga Mabera har Runjin Sambo.

Ina da wani gwangwanin madara da nake tara tsofaffin kuɗi a ciki. Akwai sule, akwai sisi da toro, akwai kwabo mai huji guda uku, har da fam ɗaya na takarda na kafin naira ta shigo a 1973, wanda ɓera ya ɗanɗana wa gefe. Uwargida tana kiran gwangwanin bankin matattu. Ba na tanka mata, don wanda bai san daɗin abu ba ba a jayayya da shi.

Abin da ya daɗe yana hana ni barci shi ne aninin 1936. A shekarar ce Ingila ta yi wani sarki, Edward na 8, wanda ya hau a Janairu ya sauka a Disamba saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka. Bai daɗe ba balle kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun mutane a can ƙasarsu. Amma su anini da kwabo na nan Afirka ta Yamma masu huji ne a tsakiya, ba wurin sa fuskar kowa, suna kawai ake rubutawa, ga tauraro mai tsini shida, ga ɗan rubutun Larabci. Saboda haka aka buga su da sunansa, suka zo aka yi ta sayen goro da su. Sarkin da garinsu bai kashe kuɗinsa ba, kakanninmu sun kashe. To, ku faɗa mini, wane mai gwangwani ne zai ji wannan ya kwanta?

A hunturun 2024 na ci karo da shi a wani shafin gwanjo na intanet. Wani Bature ne a Ingila ya sa shi, farawa fam 4. Na taya fam 5. Da safe na tarar wani ya ƙara. Ba a ganin sunansa, sai harafi biyu da taurari a tsakani, don haka na raɗa masa Ɗan Baƙin Ciki. In na sa 9 ya sa 10. In na sa 14 ya sa 15, kamar yana leƙen wayata ta taga.

Daren da za a rufe gwanjon an ɗauke wuta, cajina saura kashi 9, ni kuma ina zaure lulluɓe da bargo don nan ne kawai sabis ke tsayawa. Saura daƙiƙa goma na rufe ido na buga 23. Allon ya juya, ya juya, sai ya ce ni na ci. Kabbarar da na yi ta sa uwargida ta fito da taɓarya, ta ɗauka ɓarayi ne.

A lokacin fam ya haura naira 2,000. Ban yi wannan lissafin ba sai da gari ya waye.

Mai kaya ya ba da kwana 4 a biya. Na zaro katin ATM ɗina, na shigar da lambobi a natse kamar mai rubutun sha. Aka ce an ƙi. Na goge katin a jikin riga, ko da yake ba cikin inji na sa shi ba, na sake. Aka ƙi. Na uku ma haka.

Washegari na hau kabu-kabu sai banki. Lambata 87. Da layi ya zo kaina, yarinyar da ke teburin ƙorafi ta juya katin ta dube ni da tausayi.

"Alhaji, ai wanga kati ba ya hita waje."

Na ce, "Fasfo ne ba shi da shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun 2022 bankuna suka rage abin da katin naira ke iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya galibinsu suka rufe ƙofar baki ɗaya. In ina so sai in buɗe asusun dala. Me ake buƙata? Hotuna, takardar kuɗin wuta, mutum biyu masu asusu da za su tsaya mini, sannan in je wajen 'yan canji in sayo dalar in kawo da hannuna, katin kuma ya fito bayan kwanaki. Wato auren fari bai kai wannan shaidu ba. Ta tambaye ni me zan saya haka da gaggawa, ko magani ne. Na ce mata kayan tarihi ne, na tashi.

Kwana na biyu ƙanin uwargida ya shigo, ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo, irin yaran nan da ba abin da ba su sani ba sai gaisuwa. Ya ce ai wannan ba komai ba ne, akwai manhajar da ke ba mutum katin dala a cikin waya, kati na iska, ba ka riƙe shi amma yana aiki. Muka zauna teburin mai shayi aka fara rajista. BVN, na bayar. NIN, na bayar. Sai wayar ta ce in dube ta. In juya kai dama. In juya hagu. In ƙifta ido. In yi murmushi. Mutum mai 'ya'ya biyar, da furfura a gemu, ina yi wa waya fari da ido a bainar jama'a. Mai shayi ya ajiye ludayinsa ya ce, "Malam, in ƙarin aure na, a hwaɗa muna mu shirya."

Na zuba naira 60,000 a katin iska. Muka gwada biya, aka ƙi. Dalili kuwa, adireshin da ke kan katin na wani gari ne a Amurka da ban taɓa jin sunansa ba, lambar wayata ta Najeriya, ni ina Sakkwato, mai kaya yana Ingila. Kwamfutar shafin ta duba ta ga mutum ɗaya a nahiya uku, ta ce wannan ba mutumin kirki ba ne. Gaskiya ko ni ne ita haka zan ce. Abin da ya ƙona mini rai, duk ƙin da aka yi sai manhajar ta cire ladanta. Ban taɓa ganin inda ake korar mutum daga shago kuma ya biya kuɗin kora ba. Da na ce a maido mini kuɗina, aka ce in jira daga awa 24 zuwa kwanakin aiki 14. Yaron ya tuna yana da lacca.

Sai na ce bari in bi ta hanyar mutunci. Na rubuta wa Baturen wasiƙa. Na gaishe shi, na tambayi iyali da sanyi, na gaya masa ni mutumin kirki ne ɗan gidan mutunci daga Najeriya, ina da kuɗi a hannu amma sun maƙale, abin da nake roƙo kawai ya turo mini lambar asusunsa na banki. Sai da na tura na sake karantawa. Wallahi ko ɗan 419 da ya shekara ashirin a sana'a ba zai tsara ta fi haka ba. Amsarsa layi ɗaya ce: a biya ta shafin, saura kwana ɗaya.

Nan na tuna da ɗan Goggo da ke aikin jinya a Birmingham. Na kira shi, ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ce in ba shi hanyar shiga shafina ya biya da katinsa. Da ya zo shiga, shafin ya turo lambar sirri zuwa wayata. Wato ya ce ya turo. Lambar takan mutu cikin 'yan mintoci, saƙon kuwa sai ya biya ta Illela ya sha fura kafin ya iso. Ta farko ta zo a mace. Ta biyu ta zo tare da ta uku, ban san wace ce mai rai ba. Ta huɗu a kan katanga na karɓe ta, ƙafa ɗaya kan turmi, hannu a sama, ina karanto masa lambobi da ƙarfi kamar mai sanarwar ɓatan akuya. Ta shiga. Minti biyu ya ce an biya.

A nan ne ya lura da wani ɗan rubutu da ban karanta ba: mai kaya ba ya aikawa Najeriya. Aka sa adireshinsa. Aninin yana can Birmingham yanzu cikin aljihun tebur, kuma da yake a garin aka buga da yawa daga cikin irin waɗannan kuɗi, ina jin gida na mayar da shi da kuɗina.

Ya ce kada in wahalar da kaina, in kai wa mahaifiyarsa kuɗin kawai. Na ranto, don nawa suna cikin iska, na nufi gidan Goggo can wajen Hubbare. Ta lissafa su sau biyu tana lasar yatsa.

"Kuɗɗin mi na?"

Na ce saƙo ne ya saya mini.

"Wane irin saƙo?"

Ba a yi wa Goggo ƙarya. Na ce anini.

"Anini nawa?"

"Guda."

Ta yi shiru. Sannan ta fara ƙirga da yatsu, anini goma kwabo, kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Ta sa jikarta ta buga a waya: fam ɗaya anini 2,400, fam 23 anini 55,200. Ta ce a zamaninsu wanda ya ba da fam ya karɓi anini ɗaure shi ake yi a kai shi gidan mai ruƙiyya. Kafin la'asar labari ya gama dangi. Yanzu ko a wurin ɗaurin aure na shiga sai yara su ƙame su sara mini, wai ga mai anini ɗaya ya iso.

Ina shirin tashi ta jawo zaren makullin adakarta daga ƙugu. A jikin zaren, tare da makullai biyu da wata tsohuwar laya, ga wani ɗan ƙarfe mai huji ya yi baƙi da shekaru. Na karɓa na murza da babban yatsa. Tauraro mai tsini shida. Na ƙara murzawa. 1936.

Na ce, "Goggo, ki ba ni wannan don Allah."

Ta fizge abinta ta dunƙule a hannu.

"Ba ka? Ai yanzu na san kuɗɗinai. Daga hwam ashirin da ukku aka hwarawa."

Jikarta daga bakin ƙofa ta ce ita ta sa ashirin da huɗu. Na zaro waya na ce to a tsaya nan, zan tura yanzun nan.

Goggo ta mayar da zaren ƙugunta ta ɗaure.

"Ni ba ni amsar taransihwa. Kuɗɗi hannu. Kwana huɗu ni ma nib ba ka."