Ku bar wa dattijon Japan wayarsa mai marfi

Jiya wani abokina ya yi ta dariya da na ce masa har yanzu akwai Japanawa da yawa da ke neman waya mai marfi, irin wadda ake buɗewa a rufe, mai madannai daga 1 zuwa 9. Cewa ya yi, "Japan fa? Ƙasar jirgin ƙasa mai gudun tsiya?" Na ce ita fa. Kuma ba tsohuwar zalla suke so ba, so suke a zuba musu manhajojin babbar waya a cikin jikin tsohuwar. Ya ce wannan ai son zuciya ne, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ni kuwa ina ganin mutanen nan sun fi kamfanonin waya gaskiya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Da farko a cire tunanin cewa waya mai marfi a Japan irin ƙaramar wayar nan ce da muka sani, mai tocila da wasan maciji. Tun watan Fabrairun 1999 kamfanin NTT Docomo ya buɗe tsarin i-mode, mutum ya shiga intanet, ya aika imel, ya duba asusunsa na banki daga wayarsa. A wancan lokacin ne Shigetaka Kurita ya zana 'yan hotunan nan 176 da suka zama tushen emoji da muke watsa wa juna yau. A shekarar 2000 Sharp ta fitar da wayar J-SH04 mai kyamara. A 2004 aka fara biyan kuɗi da waya, ka ɗora ta a kan na'ura a kanti kuɗi ya fita. A 2006 aka fara kallon talabijin kai tsaye a kanta. Duk wannan kafin iPhone ta shiga Japan a watan Yulin 2008 ta hannun kamfanin sadarwa na SoftBank. Har littattafan labari 'yan mata suka riƙa rubutawa da babban yatsa a kan waɗannan madannai, aka buga su a takarda, suka shiga sahun gaba na littattafan da aka fi saye a ƙasar a 2007.

Da yake wayoyin sun ci gaba a cikin gida kawai, ba su karɓu a waje ba, sai Japanawa da kansu suka yi musu laƙabin "garakei", wato wayar Galapagos, tsibiran nan da dabbobinsu suka fita daban da na sauran duniya saboda sun daɗe a ware. Akwai ba'a a sunan, akwai kuma ƙauna. Wasu ma "pakapaka" suke ce mata, saboda ƙarar buɗewa da rufewa.

To me ya sa maganar ta taso da ƙarfi yanzu? Ƙasa aka janye musu daga ƙarƙashin ƙafa. Tsofaffin wayoyin a kan 3G suke aiki. Kamfanin sadarwa mai suna "au" ya kashe nasa 3G a ƙarshen Maris 2022. SoftBank ya shirya kashewa a ƙarshen Janairun 2024, sai girgizar ƙasar da aka yi a yankin Noto na Japan ranar 1 ga watan ta sa ya ɗage zuwa Afrilu. Docomo kuma ya tsayar da 31 ga Maris 2026 a matsayin ranar ƙarshe ta 3G da i-mode baki ɗaya. Wayarka lafiyarta lau, ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, amma ranar da aka ɗauke sabis ta zama agogon tashi daga barci. Mutum ya je shago, yaron shago ya miƙo masa gilashi mai faɗi babu madanni ko ɗaya, ya ce, "Baba, ga wadda ake yayi."

A ɗaya ɓangaren kuma, rayuwa ta koma cikin manhaja. LINE, wadda ta fito a watan Yunin 2011 bayan babbar girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta watan Maris, ita ce WhatsApp ɗin Japan. A can 'ya'ya suke turo hoton jikoki, a can ake sanar da taron unguwa. Biyan kuɗi ya koma nuna lambar QR da irin su PayPay. Wanda ba shi da waɗannan kamar an yi biki a gidansu ne ba a gaya masa ba. Saboda haka buƙatar mutanen nan a fili take: a ba mu LINE, a ba mu taswira, a ba mu abin biyan kuɗi, amma a bar mana marfinmu da madannanmu.

Kamfanoni sun ji, amma rabin ji suka yi. A farkon 2015 au ya fito da AQUOS K na Sharp, waya mai marfi da Android a cikinta, aka kira irinta "garaho", an haɗa garakei da sumaho, kalmarsu ta babbar waya. Har dabara aka yi, kana shafa yatsa a kan madannan sai ɗan kibiya ya riƙa yawo a fuskar wayar kamar na kwamfuta. Kyocera ma ta bi sahu da nata. Sai dai yawancinsu an cire musu Google Play, ba ka da ikon sauke abin da kake so sai abin da aka zaɓa maka. Da manhajoji suka yi ta sabuntawa suna barin tsohon Android a baya, sai wasu masu garaho suka wayi gari LINE ɗin da aka sayar musu da wayar dominta ta daina aiki yadda ya kamata. An ba ka tuwo an hana ka miya, sannan a juyo a ce ai ba ka cin tuwo. Ƙananan kamfanoni ne suka shigo ta wannan ɓaraka, irin Mode1 RETRO II da ta fito a 2023 da marfi da madannai da kuma Google Play cikakke.

Wanda bai san yadda ake rubuta Japananci a waya ba zai ɗauka taurin kai ne. Haruffansu da ake kira "kana" sun zo layi-layi, yawanci biyar-biyar, kuma layukan sun zauna daidai a kan madannai goma. Ka danna 1 sau ɗaya "a", sau biyu "i", sau uku "u". Ka danna 2 ka samu "ka, ki, ku, ke, ko". Wanda ya yi shekara ashirin yana haka, yatsansa ya haddace, ko ido a rufe zai rubuta saƙo, hannu ɗaya riƙe da madaurin jirgin ƙasa. Ka ɗauke masa wannan ka ce ya koyi shafa gilashi yana da shekara saba'in da biyar, yatsa ya bushe, wani lokaci gilashin ma ba ya jin taɓawarsa. Kuma Japan ƙasa ce da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65. Wannan ba ƙaramar kasuwa ba ce da za a yi wa kallon ragowa.

Na ga irin haka a gidanmu. Mun haɗa kuɗi mun saya wa Baba babbar waya, muna ta murna. Kira ya shigo, ya danna koren da ƙarfi kamar yadda ya saba, wayar ta ƙi ɗauka, don ja ake yi ba dannawa ba. Ya sake dannawa har kiran ya tsinke. Ran nan kuma ya gama magana da wani ya sa ta a aljihu bai kashe ba, mutumin yana jin duk sharhin da ya biyo baya a kansa. Da yamma ya kira ni ya ce, "Kai, ɗauki abarka, miƙo min tawa." Yau shekara biyu babbar tana hannun autarmu. Waya mai marfi ba ta da wannan abin kunyar. Ka buɗe, ka amsa. Ka rufe, magana ta ƙare, kuma kunnenka ya ji ƙarar rufewar.

Ba tsofaffi kaɗai ba ne kuwa. Akwai masana'antu da ofisoshi a Japan da ba a shiga da waya mai kyamara saboda sirrin aiki, har ana ƙera musu masu marfi marasa kyamara takanas. Akwai ma'aikacin gini mai safar hannu. Akwai masu riƙe waya biyu, ɗaya ta kira mai daɗewa da caji, ɗaya ta shafa, abin da mu ma nan muka iya sarai. Akwai kuma matashin da ya gaji da wayar da ke cinye masa dare, yana son fuskar da ta isa karanta saƙo amma ba ta da daɗin kallon bidiyo awa uku.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma tana da nauyi. Ƙera waya don ƙasa ɗaya tsada ne. FCNT, kamfanin da ya gaji wayoyin Fujitsu har da Raku-Raku da aka yi domin tsofaffi, ya durƙushe a watan Mayun 2023 sai da Lenovo ya ɗauke shi. A watan na Mayun 2023 dai Kyocera ta ce za ta janye daga yawancin wayoyin da take sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Masu rubuta manhaja kuma don yatsa mai shafa suke rubutawa, babu mai ɓata lokacinsa ya gwada ko tana aiki da madannin sama da ƙasa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mutane ne suka daina so. An rage kayan a shago, an ba su nakasassu, an kashe musu sabis, sannan aka ƙirga waɗanda suka haƙura aka ce ga shaida.

Abokin nawa, af, da muna wannan gardama wayarsa ta yi ƙara. Galaxy Z Flip ce ta Samsung, mai ninkewa biyu, kuɗinta ya sayi babur. Ya gama magana ya rufe ta, ƙyat, yana murmushi. Na ce masa, "Pakapaka." Har yanzu bai ba ni amsa ba.