Dariya a Gidan Makoki: Ra'ayina Kan Littattafan Kisan Kai na Zamanin Biktoriya

Kwanakin baya wata abokiyar aikina ta tarar da ni ina ta dariya ni kaɗai da littafi a hannu, ta tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce mata labarin wani dattijo attajiri ne da aka zuba wa guba a cikin shayi a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma ana neman wanda ya aikata. Ta dube ni ta ce, "Subhanallahi, malam, an kashe mutum kuma kana dariya?" A lokacin ban sami amsar da zan ba ta ba, amma tambayar ta zauna mini a rai, domin na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafan da marubutan yau suke komawa tsakanin 1837 da 1901 su gina labarin kisa mai cike da barkwanci, ban kuma taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin da ya sa haɗin yake yin daɗi ba.

Abin da na fahimta shi ne, a littafin da aka rubuta da gwaninta, ba gawar ake yi wa dariya ba, masu ran da suka kewaye ta ake yi wa. Masu hali na wancan zamanin sun ɗauki rufin asiri da muhimmancin da ya wuce misali, har ta kai ga cewa idan aka tsinci gawar maigida a ɗakin karatunsa, abin da zai fara tayar wa uwargida hankali shi ne kada maƙwabta su ga ɗan sanda ya shigo ta ƙofar gaba. Kisa yana zuwa ne ya yaye labulen da aka shekara ashirin ana gyarawa, kowa kuma sai ya fara ƙarya, ba don shi ya yi kisan ba, sai don yana da wani ƙaramin abin kunya da yake ɓoyewa: wannan bashin caca, waccan wasiƙar saurayi, wancan kuma kwalbar da yake ajiyewa a bayan littattafai. Mai karatu yana dariya ne saboda ya san irin mutanen nan, ko da bai taɓa taka Ingila ba.

Tarihi da kansa ya riga ya yi wa marubucin rabin aiki. A 1829 Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, sashen masu bincike kuwa sai a 1842 aka buɗe shi da mutum takwas kacal, domin Turawan Ingila suna ganin ɗan sanda marar kaki tamkar ɗan leƙen asiri ne irin na Faransa. Yawancin masu binciken 'ya'yan talakawa ne, aikinsu kuma ya tilasta musu yi wa masu kuɗi tambayoyi a cikin gidajensu. Labarin gidan Road Hill na 1860 ya ishe mu misali. An kashe yaro ɗan shekara uku a gidan wani jami'in gwamnati mai suna Samuel Kent, aka tura 'yan sanda biyu su kwana a gidan suna gadi, sai maigidan ya kulle su a kicin. Da aka aiko Sufeto Jonathan Whicher daga Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ya lura da cewa rigar barci ɗaya ta ɓace daga cikin kayan wanki, ya zargi Constance, yayar yaron da suke uba ɗaya, mai shekara 16. Jaridu suka yi masa caa, suna mamakin yadda mutum irinsa zai ɗaga ido ya tuhumi 'yar mutunci, aka sallame ta, sunansa ya ɓaci. Bayan shekara biyar, a 1865, ita da bakinta ta amsa laifin. Mutuwar yaron abin tausayi ce ƙwarai, amma hoton 'yan sanda biyu a kulle a kicin ɗin gidan da suka zo tsarewa, babu marubucin barkwancin da zai ƙirƙiro abin da ya fi shi.

Ga kuma rashin kayan aiki. Sai a 1901, shekarar da sarauniyar ta rasu, Scotland Yard ta buɗe ofishin zanen yatsa, saboda haka mai binciken wancan zamanin ba shi da abin dogaro sai idonsa da kunnensa da tsegumin barori. A ƙarshen ƙarnin, matan da suke aikatau a gidajen Ingila sun haura miliyan ɗaya, su ne masu wanke zanen gado, su ne masu kwashe toka daga murhu, su ne kuma waɗanda iyayen gida suke magana a gabansu kamar a gaban kujera. Duk littafin da na ji daɗinsa a wannan fanni, a kicin gaskiyarsa take, kuma kuku ce take da bakin da ya fi na kowa kaifi. Har zaman binciken musabbabin mutuwa ma sau da yawa a mashaya ake yin sa, saboda nan ne ake samun ɗaki mai faɗi a ƙauye.

Maganar guba ita ce ta fi ba ni mamaki. Asenik, wani farin gari mai guba, yana ko'ina a gidan Bature na lokacin: a maganin ɓera, a takardar kama ƙuda, a koren launin takardar da ake manna wa bango, har a magungunan gyaran fata da na ƙarin kuzari. Tun 1836 James Marsh ya fito da hanyar gano shi a jikin mamaci, a 1851 kuma aka yi dokar da ta wajabta wa mai saye ya sa hannu a littafin mai kanti, a kuma gauraya garin da kunkunniya ko shuni don kada a ɗauke shi sukari. Duk da haka, a 1858 a Bradford an yi kuskuren zuba shi a alewa, kimanin mutum 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta. A shari'ar Florence Maybrick a Liverpool a 1889, an nuna cewa ta jiƙa takardar kama ƙuda a ruwa, ita ta ce don gyaran fuska ne, sannan ya bayyana cewa mijin da ake zargin ta kashe shi kansa ya daɗe yana shan asenik a matsayin magani. Ka ga gidan da kowa yake da guba kuma kowa yake da hujjar ajiye ta, to wa za a kama? Marubuci mai wayo ba ya buƙatar ƙara gishiri a nan.

Zaman makokinsu ma wani fage ne. Matarmu tana takaba wata huɗu da kwana goma, tasu kuwa al'ada ta ɗora mata kimanin shekara biyu cikin baƙaƙen kaya, da ƙa'idojin yadin da za ta sa a kowane mataki, sarauniyar da kanta ta shekara kusan arba'in cikin baƙi bayan rasuwar mijinta Albert a 1861. Bazawarar da take lissafin kwanakin da suka rage ta koma sa shuɗi, alhali sufeto yana tambayar ta inda take da ƙarfe goma na dare, mutum ce da ta fito daga cikin zamanin kai tsaye.

Kada kuma a ɗauka cewa mu na yau ne muka fara yi musu dariya. A 1868 Wilkie Collins ya fitar da The Moonstone, wanda ake lissafa shi cikin littattafan bincike na farko a Ingilishi, kuma a cikinsa akwai tsohon bara da yake neman maganin kowace damuwa a littafin Robinson Crusoe, da wata 'yar uwa mai tsananin nuna addini da take cusa wa mutane takardun wa'azi ko sun so ko sun ƙi, da sajan mai binciken da hankalinsa yake kan noman fure.

Inda nake rabuwa da wasu marubutan yau wuri biyu ne. Na farko, sukan ɗauko jaruma mai tunanin wannan ƙarnin su sa mata doguwar riga su jefa ta cikin 1870, tana faɗin duk abin da ta ga dama babu abin da ya same ta. Wannan yana kashe barkwancin, domin daɗin yana cikin ƙuncin ne: matar aure ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai da dokar 1882, saboda haka mace mai basira dole ta bi ta bayan gida, ta sa sufeto ya ɗauka shi ne ya gano abin da ita ta gano tun jiya. Na biyu ya fi tsanani. Akwai masu jan kashe-kashen da aka yi a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888 su mayar da su abin wasa, alhali mata biyar da aka fi sani cikin waɗanda aka kashe talakawa ne da suke fafutukar kuɗin kwana ɗaya a gidan haya, ba su da labulen da za a yaye, ba su da girman kan da za a sauke. Na taɓa ajiye littafi a babi na uku saboda haka, ban kuma sake ɗaukarsa ba.

Akwai wani abu da nake ji wanda mai karatu a Ingila ba lallai ya ji ba. Tsohon kanar mai gashin baki da ya dawo daga Indiya, wanda yake cika teburin cin abinci da labarin jarumtakarsa har miya ta huce, kusan babu littafin da ba ya ciki, kuma ni ina kallonsa ne da sanin cewa 'yan ajinsu ne suka ba kamfanin Royal Niger izinin mulki a yankin kogin Neja a 1886, kuma shekara biyu kacal bayan an binne sarauniyarsu sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato. Idan kuku ta kama shi yana ƙarya kan inda ya kwana, dariyata takan fi ta marubucin tsawo.