Jirgin Roba da Tayar Ko-ta-kwana

Tun ina yaro a Zariya na yi suna a unguwarmu wajen ƙera motar kara, domin tawa ce kaɗai ƙofarta ke buɗewa, sitiyarinta kuma ya juya. Saboda haka, ranar da ƙanena ya dawo daga karatu a Ingila ya miƙo mini tsarabar wani ƙaramin kwali mai hoton jirgin yaƙi, ban ga abin da zai gagare ni a ciki ba. Samfurin Spitfire ne na kamfanin Airfix, jirgin nan da ya fara tashi a 1936, wanda Turawan Ingila suka kare sararin samaniyarsu da shi a 1940. An ƙanƙantar da shi bisa ma'aunin 1/72, wato kowane santimita guda a jikinsa yana matsayin santimita 72 na jirgin gaske, don haka fikafikan da suka haura mita 11 suka koma abin da bai cika taƙi guda ba.

Da na buɗe kwalin, maimakon jirgi sai na tarar da gutsattsarin roba masu ruwan toka, maƙale a jikin wasu sanduna kamar ƙayar kifi. Na ɗauko abin yanke farce na fara cire su ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan ƙaramar tayar wutsiya, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ina datse ta, sai ta yi tsalle ta faɗa kan darduma, kuma daga ranar ban sake sa ta a ido ba, duk da cewa na yi rarrafe da tocila har uwargida ta leƙo ta tambaya ko sujadar shukura nake yi. Gam ɗin da ake haɗa irin wannan roba narkar da ita yake yi kafin ta manne, abin da ban sani ba sai da na ga zanen babban yatsana ya zauna daram a kan fiffiken dama, kamar na je yin rajistar zaɓe. Murfin kujerar matuƙi kuwa, wanda ya zo garau kamar gilashi, na liƙa shi da gam mai ƙarfi na kanti, tururinsa ya mayar da shi fari fat, matuƙin ya shiga hazo na har abada.

Duk wannan somin taɓi ne. Na ƙudurta cewa ba zan shafa fenti da buroshi ba, sai da alƙalamin feshi irin na ƙwararru, wanda ake danna kunamarsa iska ta fito, a ja ta baya fenti ya biyo. Na saya, amma da na ji kuɗin injin iskar da ke tafiya da shi, sai na tuna cewa akwai iska kyauta a bayan motata. Na ciro tayar ko-ta-kwana na gangara da ita wurin mai facin bakin titinmu, ya cika ta, ya kuma haɗa mini wani siririn tiyo. Da na yi masa bayanin abin da zan yi, ya dube ni na ɗan lokaci, sa'annan ya ce, "Yallaɓai, Allah Ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Safiyar Juma'a na zaɓa, na riga na yi wanka na sa farar shaddata, ina ganin aikin ba zai wuce minti goma ba. Ƙa'ida ita ce a tsinka fentin har ya yi ruwa kamar madara, domin ƙofar da yake fita milimita 0.3 ce kacal, kuma allura ce ke toshe ta tana buɗewa. Ni kuwa na ga asara ce a tsinka fenti mai tsada, na zuba koren nan da kaurinsa kamar kunun gyaɗa. Na danna, iska ta yi huci, fenti bai fito ba. Na ja kunamar har ƙarshe, shiru. Sai na yi abin da duk mai hankali zai guje wa, na kawo fuskata kusa, na sa yatsa a bakin alƙalamin don in ji ko ya toshe, na sake dannawa. Iskar da aka hana hanya ta koma da baya cikin ɗan kofin da ban rufe ba, kuma da yake iskar taya ta kusan ninka abin da alƙalamin ke bukata, fentin ya taso gaba ɗaya ya sauka a gemuna, da tabarau, da gaban riga. Jirgin da ke kan tebur ko ɗigo bai samu ba.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, jirgin ne za a ɓoye wa abokan gaba, ko kai?" Ban tanka ba. Na wanke alƙalamin, na tsinka sauran fentin, wannan karon har ya zarce misali, yana sauka a kan fiffike yana watsuwa kamar ƙafafun gizo-gizo. A gwaji na uku ne Allah Ya taimake ni na dace da kaurin, wani lallausan kore ya fara kwanciya a jikin robar, har na ji ƙwalla ta taru mini don daɗi. Ban kai rabin fiffike na biyu ba hucin ya fara rauni, alƙalamin ya yi tari sau biyu, ya tofa wa jirgin manyan ɗigo, ya yi shiru. Iskar tayar ta ƙare. Na ɗora jirgin a kan taga don ya sha iska, na manta cewa muna tsakiyar hunturu, kafin in canza riga ƙura ta bi ɗanyen fentin ta lulluɓe shi, ya fito kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli.

Ana kiran farko na sallar Juma'a na fito da sauri, sai na tarar tayar gaba ta motar ta kwanta ƙasa, ƙusa ta huda ta tun daren jiya. Na buɗe bayan mota don in ɗauko ta ko-ta-kwana, sa'annan na tuna cewa tana ɗakina, jingine da gado, babu ko numfashi a cikinta. Haka na garo ta cikin rana zuwa bakin titi, da sauran kore a gemuna. Mai faci ya dubi tayar, ya dubi gemun, ya jona tiyonsa ba tare da ya yi dariya ba, sa'annan ya tambaye ni cikin ladabi, "Yallaɓai, jirgin ya tashi kuwa?"