An buɗe ƙofa, amma wa zai biya manomi?

Jiya na kira Kawu a ƙauye, na tambaye shi yaya shirin damina. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, bana masarar ci kawai zan yi, sauran gonar gero da wake zan zuba." Mutumin da ya fi shekara talatin yana cika rumbu da masara ke nan fa. Da na matsa masa sai ya yi mini lissafi. Bara buhu biyu ya kai kasuwa kafin ya dawo da buhun taki ɗaya, ban da kuɗin huɗa da feshi da na 'yan ƙwadago. Ya ce noman da za ka gama ka fito da bashi, gara ka zauna a gindin darbejiya.

Ni fa ban ga laifin sassauta shigo da abinci ba, kada wani ya zo ya ce na faɗa. A watan Yulin 2024, lokacin da gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Magidanta nawa ne suka koma dafa abinci sau ɗaya a rana? Rufe boda kuma mun ɗanɗana shi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, 'yan fasa-ƙwauri ne suka sha romo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sauƙin da muka samu a birni daga aljihun manomi ya fito. Ya sayi taki da man injin ban-ruwa da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, ya zo sayarwa kuma ya tarar kasuwa ta karye. Ba wanda ya ce masa ko sannu.

Wasu ƙasashen da suka buɗe ƙofa ba haka suka yi ba. Da Meziko ta shiga yarjejeniyar NAFTA da Amurka da Kanada a 1994, ta san masarar Amurka mai araha za ta danne ta gida, sai ta fito da shirin PROCAMPO, tana biyan manomi tsabar kuɗi a kan kowace hekta. Yana da nasa aibin, don masu manyan gonaki ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Indiya kuma tun 2019 take tura wa manomi rupi 6,000 a shekara, a rarrabe kashi uku, kai tsaye cikin asusunsa. Ba wani kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma ya san zai zo.

Mu kuwa da an ce tallafi sai a kawo rance. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne, kuma kowa ya ji yadda aka yi ta fama wajen karɓo bashin. Rance bai maye gurbin asarar da wani ya jawo maka da sa hannu a takarda. In an ce babu rajistar manoma, ai a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ta waya ake turo wa manoma saƙon karɓar taki. Ashe ana iyawa in an ga dama.

A biya manomi kuɗi a hannunsa, a ƙayyade shi a hekta biyu ko uku don kada manoman biro su wawushe, kuma ya iso kafin ruwa ya sauka, ba bayan an yi noman farko ba.

Kafin mu ajiye waya Kawu ya tambaye ni ko na san mai sayen buhunan da ya ɓoye tun kaka yana jiran farashi ya ɗaga. Ya ce ƙwari sun fara shiga.