Ku daina yi wa 'yan mazan jiya dariya

Wallahi abin da na gani jiya da la'asar a majalisar bakin layinmu ya tsaya min a rai. Dattijo tsohon soja, kofur ne a yaƙin basasa, ya zauna yana ba da labarin Abagana, yadda a 1968 'yan Biyafara suka yi wa ayarin motocinsu kwanton ɓauna, tankar mai ta kama da wuta, yana faɗa hannunsa na rawa har shayin na zuba a rigarsa, wai sai wani yaro ya ɗaga waya yana ɗauka, sauran suna ƙyaƙyata suna "Baba a sake mana wajen gudun nan, a ƙame!" Haba samari. Haba!

Mutumin nan fa bai kai shekarunku ba aka aske masa kai a daffon Zariya, 'yan makonni aka koya masa fareti da harbi aka loda su a jirgin ƙasa sai filin daga. An kama shi, ya yi zaman fursuna yana cin garin rogo sau ɗaya a wuni. In ka ga ya zabura don an fasa nokawut, ba hauka ba ne, kai da ƙarar tayar babur ke sa ka ruga gida kai ne za ka yi masa dariya? Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ga su nan suna gadi a ƙofar gidajen mutane, ana bin layin fansho har wani ya faɗi, ku kuma sai "tsoho ya fara zuba". To ku me kuka taɓa karewa? Kwana a TikTok da cacar ƙwallo, ga shaye-shayen nan da ya cinye rabin unguwa, wannan ma maganar wata rana ce.

Kakanninmu da Bature ya kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu suka gwabza da Japanawa a dajin Arakan da kogin Kaladan, kusan duk sun tafi da labarinsu a ciki. Kana wuce barikin Chindit a Zariya ko Dalet a Kaduna, ka san sunayen daga can suka zo? Sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a Abuja, shi ke nan an gama da su.

Ku gyara dai, ku ji tsoron Allah. Da, in tsohon soja ya yi gyaran murya a dandali har mai goro shiru yake yi, yaro ya ɗauko masa tabarma, ya durƙusa ya miƙa masa ruwa, in ka yi dariya kafin ka isa gida labari ya riga ka wajen babanka. Yanzu uban ma yana zaune a wajen, shi ke cewa a turo masa bidiyon.