Sai In Lokaci Ya Rage

(Garwa, a arewacin Kamaru, unguwar Hausawa, ƙarshen watan Fabrairu. Zafi ya kankama, an ɗauke wuta tun hantsi. Matan jam'iyya na reshen unguwa sun baje tabarmi a gindin darbejiya a gidan HAJIYA, shugabarsu. Ita kaɗai ce a kan kujera. MADAM sakatariya, tsohuwar malamar firamare, tana riƙe da littafi. MA'AJI ta danne jakar kuɗi da cinya. ZABIYA na jiran abin da za ta yi wa guɗa. Sunan jam'iyyar kuwa a bar shi, kowa ya sa ta maƙwabcinsa.)

HAJIYA: Madam, karanto mana abin da ya tara mu.

MADAM: Batu uku ne. Na ɗaya, atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Na biyu, saƙon goyon baya ga manya. Na uku, haƙƙin mata.

HAJIYA: Ki rubuta a gefen na ukun, sai in lokaci ya rage.

MADAM: Yana nan tun bara, Hajiya. Ban goge ba.

HAJIYA: Madalla. Ma'aji, turmi nawa Alhaji ya aiko?

MA'AJI: Sha biyu.

ZABIYA: Ayyururui! Alhaji bangon jingina, ruwan sama gama gari!

MA'AJI: Gama gari a ina? Mu arba'in da bakwai ne a takarda.

HAJIYA: Arba'in da bakwai? Wancan watan da aka ce kowa ta kawo kuɗin wata, mu tara na gani.

MA'AJI: Ai jam'iyyarmu haihuwa take yi duk Fabrairu. Har da mutum biyu da muka ci gumbar arba'in ɗinsu, sunansu ya dawo.

MADAM: Ni abin da ke ba ni haushi, audugar nan a gonakinmu ake nomanta, masaƙar CICAM a garin nan aka kafa ta, amma turmi sha biyu ya gagare mu rabawa.

HAJIYA: Rabo ba wuya. Shugaba biyu, saboda launi biyu aka fitar kuma ban san wanda matar gwamna za ta sa ba. Sakatariya ɗaya, ma'aji ɗaya. Saura takwas a yanka biyu-biyu.

MA'AJI: Rabin turmi ba ya riga da zani.

HAJIYA: Sai su shiga tsakiyar layi. Mai ɗaukar hoto 'yan gaba da 'yan gefe yake gani.

(INNA MAI ƘOSAI ta yi sallama, faranti a ka, gefen zaninta duk mai.)

INNA: Salamu alaikum. Sannunku da aiki, masu ƙasa.

HAJIYA: Maraba da Inna. In atamfa ce, ta ƙare.

INNA: Wa ya ce miki zani na zo nema? Tun shugaban ƙasa Ahijo bai sauka ba, kafin 1982, nake tafi a filin fareti. Tun jam'iyya tana guda ɗaya tak a ƙasar nan. Adakata cike take da fuskokin manya, wasu ma asu ya cinye musu hanci. Magana ce ta kawo ni.

MADAM: Wace iri, Inna?

INNA: Ta jikata. Uban ya karɓi goro, wai bayan salla za a ɗaura mata aure. Yarinyar da har yanzu sai na tashe ta fitsarin dare.

MADAM: Wannan batu na uku ne.

HAJIYA: Kuma ba mu gama na ɗaya ba. Inna, ki yi haƙuri, wannan maganar cikin gida ce. Jam'iyya ba ta shiga tsakanin uba da 'yarsa. Mu ma nan da kika gan mu, wace ce ta san ranar da aka ɗaura nata? Ga mu, ba mu mutu ba.

ZABIYA: Mahaƙurci mawadaci! Ayyu...

MADAM: Dakata da guɗar. Hajiya, doka ta yi magana a kan wannan. Kundin hukunta laifuka na 2016, sashe na 356. Duk wanda ya tilasta wa wani aure, ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar da ta kama daga sefa 25,000 har miliyan ɗaya. Wanda ya aurar da yarinya ko yaron da bai kai 18 ba, shi ma hukuncin ya hau kansa.

HAJIYA: Dokar Yawunde ke nan. Kafin ta sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundere ta hau mota ta iso nan, ta gaji.

MADAM: A bakinki fa na sa ta bara, cikin jawabin da kika karanta.

HAJIYA: Da Faransanci na karanta. Abin da na faɗa da Faransanci ba ya kaina.

MADAM: Ga Aissa Doumara can a Marwa, wannan aikin take yi shekara da shekaru, har Faransa ta ba ta lambar yabo ta Simone Veil, ta masu kare haƙƙin mata, a 2019.

HAJIYA: Allah sarki. Wace atamfa ta ɗaura ranar?

MA'AJI: Wai Inna, wane ne ma angon? In mai hali ne ai sai a yi murna.

INNA: Mai hali ne ƙwarai. Shi ya aiko muku da zannuwan nan.

(Shiru. Ana jin akuya tana tauna bawon lemo a bayan ɗaki.)

HAJIYA: Alhaji wane?

INNA: Alhaji nawa ne ke shiga gidan nan ba sallama?

ZABIYA: Ayyuru...

HAJIYA: Wallahi kika ƙarasa sai na ɗura miki turmin nan a baki. Madam! Batu na uku ya dawo na ɗaya. Shekara nawa kika ce?

MADAM: 5 zuwa 10.

HAJIYA: Babu 20?

MADAM: Babu.

HAJIYA: Me 'yan majalisar suke yi a can? Mata nawa muka tura?

MADAM: A zaɓen 2020, mata 61 cikin kujeru 180.

HAJIYA: Sittin da ɗaya, a rasa mai kishiya ko guda da za ta ƙara shekarun! 'Yan uwana mata, yau ranar kuka ce. Yarinya ƙarama, marainiyar Allah...

INNA: Ubanta na da rai.

HAJIYA: Zai gwammace ba shi da shi. A cire ta daga makaranta a kai ta gidan tsoho mai ciwon gwiwa, wanda sai an murza masa man zafi kafin ya yi ruku'u! Ina al'umma za ta?

MA'AJI: Ɗazu kika ce maganar cikin gida ce.

HAJIYA: Cikin gidan wa? Na san cikin nawa gidan ne?

(ALHAJI ya shigo, babbar riga ta sha sitaci, hula a karkace, carbi a hannu. Shi ne shugaban jam'iyya na unguwa, kuma a iya sanin mai rubutun nan bai taɓa halartar taron mata ba sai in zaɓe ya matso.)

ALHAJI: Iyayenmu mata! Ƙashin bayan jam'iyya! An ga saƙo?

HAJIYA: An ga saƙo, an ji labari.

ALHAJI: Wane labari? A'a, Inna, ina wuni? Ya kasuwa?

INNA: Kasuwa sai godiya, surukina.

ALHAJI: (Ya yi tari.) Wato Hajiya, na so in sanar da ke a tsanake. Taimako ne. Uban yarinyar bashi ya yi masa katutu, na ga in na rufa masa asiri...

HAJIYA: Ka rufa masa asiri da buhun masara mana. Sai da 'yarsa? Madam, karanta masa.

ALHAJI: Ba sai ta karanta ba, ni ma na san doka. Dokar 1981 ta ce mace in ta kai 15 ta isa aure. Tana nan, ba a soke ta ba.

MADAM: Tana nan, gaskiya ne. Ita ce kuma ta ba miji damar hana matarsa sana'a in ya ce gida zai cutu. Dokar iyali da za ta gyara duk wannan, tun ina koyarwa ake cewa tana tafe. Amma alƙalin laifi da ta 2016 yake aiki, Alhaji, kuma gidan yari ba ya tambayar wace ka fi so.

HAJIYA: Ko ta 1981 ɗin ma, ta kai 15?

ALHAJI: Ta kai 18 cif. Ƙaramin jiki ne da ita. Danginsu haka suke, dubi Inna.

MADAM: A kawo takardar haihuwa.

INNA: To ai ga abin da ya kawo ni tun farko, kun tsaya auna zani. Ba ta da ita. A gida aka haife ta, ba wanda ya je ofishin magajin gari. Bana malaminsu ya ce ba za ta zauna jarrabawar gama firamare ba sai da takardar. Uban ya ce tunda boko ya ƙi ta, aure ba ya tambayar takarda.

ALHAJI: Kun ji ko? Ba takarda, ba shekaru. Abin da uba ya faɗa shi ne.

INNA: Uban yana Legas yana gadi aka haife ta. Ni na yanke cibiya. Daminar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ta shigo mana har gindin murhu, muka kwana a makaranta.

MADAM: 2012 ke nan.

ALHAJI: Binuwai kullum cika take yi. Tsufa ne, Inna ta haɗa damina biyu.

INNA: Na san za ka ce haka.

(Ta kwance ƙullin da ke ƙarƙashin farantin, ta warware wani tsohon zani da ya koɗe, gefensa ya zare, tsakiyarsa da tabon da ba sai an tambayi asalinsa ba.)

INNA: Da wannan aka goye ta ranar suna, yana sabo, ko ruwa bai gani ba. Ke mai karatu, me aka rubuta a jiki?

MADAM: (Ta gyara tabarau.) Ranar mata ta duniya, 8 ga Maris 2012.

MA'AJI: La ilaha illallahu. Rabin turmi ne ma. Hajiya, yankanki ne wannan, na gane karkacewar almakashin.

HAJIYA: Kun gani? Da ana cewa raba atamfa ba aiki ba ne. Madam, rubuta: reshenmu ya daɗe yana tanadin hujja.

ALHAJI: Zani ba shaida ba ne a kotu!

MADAM: Shi kaɗai ba zai isa ba. Amma akwai hanya. Wanda wa'adin rajista ya wuce shi, kotu ake zuwa da shaidu, likita ya kimanta shekaru, alƙali ya yanke hukunci, sannan magajin gari ya rubuta takardar. Shaidu kuwa ga su nan zaune, duk mun ci tuwon sunan.

ALHAJI: To shi ke nan. Tunda abin ya zama haka, a mayar mini da zannuwana. Ke kuma Hajiya, in kin ga dama ki tattara komatsanki.

MADAM: Sashe na 358-1. Korar mata ko miji daga gidan aure ba bisa ƙa'ida ba, shi ma laifi ne.

HAJIYA: Allah ya yi miki albarka! Ƙara masa!

MADAM: Sai dai Hajiya, kina da takardar aure?

HAJIYA: Takardar me? Shekara talatin da ɗaya, 'ya'ya takwas, duk Garwa ta ci goron.

MADAM: Goro ba ya shiga fayil. Sau nawa ma'aikatar mata ta shirya auren gayya a yi wa mutane takarda, kika ce ke ba amarya ba ce?

HAJIYA: Rubuta batu na huɗu.

INNA: Ni fa ku saurare ni. Ban zo a ɗaure mini ɗa ba, shi ke biya mini kuɗin gawayi. Ban zo a ɗaure Alhaji ba, shi ke sayen ƙosan jaka guda duk Juma'a. Takarda nake so, yarinya ta zauna jarrabawa. Amma Alhaji, ka san mata nawa ke tsayawa gaban kaskona kowace safiya? Ranar zaɓe su nake tasowa tun asuba, da katinsu a ƙulle a bakin zani. Maza suna shago suna gardamar ƙwallo, mu ke layi cikin rana. In na ce musu bana ƙafata na ciwo, tasu ma za ta yi.

(Alhaji ya ja carbi da sauri. Lissafi yake yi, ba tasbihi ba.)

ALHAJI: Inna, ai ba a haka. Yarinyar nan jikata ce. Ni da ma gwada reshen mata nake yi, in ga ko kuna farke.

HAJIYA: Mun farka. Kuɗin kotu da na likita fa?

ALHAJI: A kaina.

MA'AJI: Da turmi talatin da biyar da suka rage.

ALHAJI: Goma.

INNA: Wayyo gwiwata.

ALHAJI: Ashirin! Kuma a sa a saƙon goyon baya cewa ni na ceto yarinyar.

ZABIYA: Yanzu in yi?

HAJIYA: Yi.

ZABIYA: Ayyururui! Alhaji gatan marayu, wanda ya ƙwace yarinya daga hannun kansa!

(Alhaji ya fice, ya manta takalmi ɗaya, ya aiko yaro ya ɗauka.)

HAJIYA: Alhamdu lillahi. Madam, rubuta: an kammala batun haƙƙin mata baki ɗaya. Mu koma kan launi.

INNA: Saura kaɗan, Hajiya. Ba goron Alhaji kaɗai uban ya karɓa ba. Akwai wanda ya ce in Alhaji ya fasa, shi yana ciki.

HAJIYA: To wannan kuma, Inna, gaskiya maganar cikin gida ce. Jam'iyya ba za ta bi gida-gida...

INNA: Mai shagon kayan babur ne, na bakin babbar kasuwa. Dogo, mai haƙorin Makka.

MA'AJI: (Ta miƙe, jakar kuɗi ta faɗi, silalla suka watse a tabarma.) Mai haƙorin me? Madam, ba ni littafin nan. Sashe na nawa kika ce?